Allura tana da madadi, tsohon faifai ba shi da shi

Kun saba ganin rubutuna a kan sikirin, batir da wurin caji. Yau zan ɗan sauka daga layin waya in yi magana a kan faifan garmaho, amma ku biyo ni, domin a ƙarshe maganar a wayarku za ta ƙare.

Watannin baya wani dattijo ɗan garinmu Wanke, wanda halin tsaro ya sa ya dawo Gusau da iyalinsa, ya zo shagona ɗauke da kwali. Bayan mun gaisa ya ce: "Ɗana, an ce mini kai ka gyaran waya. Wagga na'ura fa, kana iya duba ta? Ta wana ce, Allah ya jiƙan shi." Na ce: "Baba, ba aikina ba ne, amma a bari in gani." Cikin kwalin akwai tsohuwar na'urar kunna faifai mai amfani da lantarki, da faya-fayai kusan 20, har da na Shata da na Ɗan Maraya Jos. Cikin ɗan abin da suka iya kwasowa daga gida, wannan kwalin yana ciki.

Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne uku daga cikin faya-fayan sun riga sun mutu. Jikansa ne, da kyakkyawar niyya, ya sayo masa irin ƙaramar na'urar nan mai kamar akwati da ake tallatawa a intanet. Da allurar ta fara tsalle sai ya ɗaura mata kwandala a ka da salatif don ta zauna. Ta zauna kuwa, amma ta riƙa kankare faifan kamar garma a gona. Da na sa allurar a ƙarƙashin madubin da nake duba injin waya da shi, sai na ga bakinta ya gutsure. Layukan faifan sun koma ruwan toka, muryar mawaƙin ta koma can ƙasa, sai ƙara kamar ana suyar ƙosai.

Tun daga ranar na zauna na karanci abin, na gyara na'urar dattijon, na kuma samu ra'ayin da nake so in faɗa muku: idan kana da tsoffin faya-fayai a gida, kan allurar da ya dace da kai shi ne nau'in MM mai sauƙin kuɗi, mai zagayayyen baki, wanda ake iya canza allurarsa. Kada ka tsaya a kan na siramik ɗin da ke zuwa da na'urorin akwati, kada kuma ka bari masu ƙwalisa a YouTube su ja ka zuwa mai tsadar gaske. Ga dalilaina.

Mene ne kan allura, kuma yaya yake aiki?

Ɗan ƙaramin akwatin nan da ke maƙale a ƙarshen hannun na'ura shi ne kan allura, wanda 'yan kasuwa ke kira katirij. A jikin faifai akwai siririn rami guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, kuma bangon ramin yana da lanƙwashe-lanƙwashe daidai da sautin da aka ɗauka. Allura tana bin ramin tana karkarwa, shi kuma kan yana mayar da karkarwar nan wutar lantarki 'yar mitsitsiya.

Iri uku ne za ka fi haɗuwa da su. Na farko siramik, wanda ke ba da wuta idan an matsa wani ɗan dutse a cikinsa. Na biyu MM: a bayan allurar akwai ɗan maganaɗisu da ke motsi kusa da koyil, shi koyil ɗin yana zaune wuri ɗaya. Na uku MC, wanda shi akasin haka ne, koyil ne ke motsi, maganaɗisu yana tsaye. Duk wanda ya taɓa buɗe sifikar waya ya san wannan haɗin na koyil da maganaɗisu. Sifika tana karɓar wuta ta ba da motsi, kan allura yana karɓar motsi ya ba da wuta.

Me ya sa na ce MM?

Dalili na farko, kuma mafi girma a wurina, shi ne allurarsa tana zarewa da hannu. Ka ja ta fita, ka tura sabuwa, ba sukundireba ba dalma. A yawancin MC kuwa, idan allura ta mutu sai dai a mayar da kan gaba ɗaya kamfani ko wurin ƙwararre a ƙasar waje. Ka duba inda muke: daga Gusau, Tsafe ko Bunguɗu, wa zai aika ɗan kan allura Japan ya jira? Mutum zai ci gaba da amfani da mutacciyar allura ne saboda ba shi da yadda zai yi, kuma ita ce ke kashe faifai.

Dalili na biyu, ƙarfin wutarsa. MM yana ba da kamar milibolt 3 zuwa 5, MC na yau da kullum kuwa bai fi milibolt 0.2 zuwa 0.5 ba. Tsoffin amfilifaya na Japan da ke gidajenmu, masu rami a baya da aka rubuta PHONO, kusan duk don MM aka yi su. Ka sa MC a wurin, da ƙyar za ka ji sauti, sai ka ƙara sayen wata na'ura.

Dalili na uku, nauyi. MM mai kyau yana tafiya da nauyin giram 2 zuwa 3 a kan faifai. Na siramik ɗin akwati yakan kai giram 5 ko fiye, kuma hannun ba shi da wurin rage nauyi. Don in yi adalci, ba nauyin kaɗai ne matsala ba, kuma kunna faifai sau ɗaya a kansu ba ya kashe shi. Matsalar ita ce allurar da ke zuwa da yawancinsu ba lu'ulu'un daimon ba ce, dutse ne mai saurin cinyewa cikin 'yan gommai na sa'o'i, kuma ba wanda ke gaya wa mai saye ya canza ta.

Wane baki: zagayayye ko mai siffar ƙwai?

A nan ne zan saɓa da masu bidiyo. Za su ce maka mai siffar ƙwai, wanda ake sa wa harafin E, ya fi fitar da siririn sauti, musamman idan allura ta kusa tsakiyar faifai. Gaskiya ne, ban musa ba. Har akwai masu baki mafi siriri da tsada waɗanda kan iya taɓo wurin da tsohuwar allura ba ta cinye ba a cikin ramin. Amma su waɗannan mutanen sabbin faya-fayai suke kunnawa a ɗaki mai sanyi, suna da kayan saiti. Namu faya-fayan sun sha ƙurar hunturu ta shekara 40 ko 50, sun sha zafin bazara a ƙarƙashin kwano, wasu sun ɗan karkace. Zagayayyen baki, mai harafin C, ya fi haƙuri da kuskuren saiti, bai cika tono ƙarar datti ba, kuma idan ya haɗu da tsaga a faifai ya karye, asararka kaɗan ce. Kamfanin Audio-Technica ma da kansa ya ƙiyasta zagayayyen baki yana kai kamar sa'o'i 500, mai siffar ƙwai kuwa kamar 300.

Idan sunaye kake so, ga waɗanda na sani. AT3600L na Audio-Technica shi ne mafi arha cikin masu aminci, bakinsa zagayayye ne mai girman mil 0.6, nauyinsa giram 2.5 zuwa 3.5. Sama da shi akwai AT-VM95C, shi ma mil 0.6, nauyinsa giram 2. Wannan na fi so saboda jikinsa ɗaya ne da duk danginsa na VM95, wato idan wata rana ka samu kuɗi da faifai mai tsabta, allurar E kawai za ka saya ka tura, ba sai ka kwance kai ba. Akwai kuma 2M Red na kamfanin Ortofon na ƙasar Denmak, mai siffar ƙwai, nauyin giram 1.8. Kai ne mai kyau, amma ya fi waɗancan tsada sosai, kuma ba shi zan fara ɗora wa faifai mai ƙura ba. Idan ka tarar da tsohon kan Shure a na'urar gidanku, ka sani kamfanin ya daina yin kan allura tun 2018, don haka allurar da za ka samu yanzu galibi ta wasu kamfanoni ce, ingancinta kuma hawa-hawa ne.

Shawarata ita ce kuɗin da za ka sayi kai mai tsada guda ɗaya, ka sayi mai sauƙi da allura biyu. Ɗaya ta gwaji da faya-fayan da suka sha wuya, ɗaya ta masu lafiya. Kuma a kula da jabu, domin yadda ake yin jabun caja haka ake yin jabun allura. Farashin da ya yi arha fiye da hankali, ka san akwai magana.

Faifan 78 ba ɗaya yake da sauran ba

Wannan wurin mutane da yawa ke yin ɓarna. Faifai iri biyu ne a gidajenmu. Akwai tsohon na garmaho mai wani da hannu: mai nauyi, mai tauri, yana fashewa kamar tangaran, yana juyawa sau 78 a minti. Sai kuma na roba mai ɗan lanƙwasuwa: babba mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, da ƙarami mai juyi 45 da RCA Victor ya fito da shi a 1949.

Ramin faifan 78 ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Yana son allura mai kamar mil 3, alhali na roba mil 0.6 ko 0.7 yake so. Mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci. Idan ka sa siririyar allura a faifan 78, za ta nutse har ƙasan ramin ta riƙa jan datti, ka ji ƙara kawai, allurar kuma ta lalace. A nan ma MM ya yi rana: a jikin VM95 ɗin nan sai ka tura allurar SP, wadda aka yi don 78, ka ƙara nauyi zuwa giram 5. Amma sai na'urarka tana da gudun 78, domin ba duka ke da shi ba.

Akasin haka ya fi muni. Kada ka kuskura ka ɗora faifan roba a garmaho mai wani. Allurarsa ƙarfe ce, kan nasa kuma nauyinsa ya haura giram 100. Zagaye ɗaya ya isa ya gama da faifan. Haka nan allurar ɗinki ko ta keke, wadda na ji wasu na cewa a gwada, don Allah a bari.

Kafin ka tura kuɗi, ka duba waɗannan

Na ɗaya, yadda kan ke ɗauruwa. Idan ka ga sukurori biyu a sama, tsakaninsu rabin inci, wannan shi ne gama-gari, kuma duk waɗanda na lissafa a sama irinsa ne. Idan kuwa kan yana shiga cikin hannun ne kai tsaye da sukuru ɗaya a gefe, wannan T4P ne, wanda aka fi gani a na'urorin shekarun 1980, kuma nasa daban ake saye. Ka ɗauki hoton naka da waya ka tura wa mai sayarwa kafin ka biya.

Na biyu, wataƙila ma kan naka lafiyarsa lau, allura ce kawai ta mutu. Ka zare wayoyi huɗun da ke bayansa, ka sa mita mai lambobi a awon om. Ja da kore na dama ne, fari da shuɗi na hagu. A MM za ka ga ɗaruruwan om, wani ya ɗan haura dubu, kuma ɓangarorin biyu su yi kusa da juna. Idan ɗaya bai nuna komai ba, koyil ya tsinke. 'Yan uwana masu gyara, kada a sa dalma a ƙafafun kan allura. Zafin yana tsinka siririyar wayar da ke ciki. Da hantsaki ake tura su.

Na uku, hannun na'urar yana da nauyin saiti a bayansa? Idan irin na akwati ne, wanda ba shi da shi, to ba a sa masa MM, kada ka ɓata kuɗinka. Idan yana da shi, ka auna nauyin da ɗan ƙaramin sikeli mai nuna rabe-raben giram, irin na masu sayen zinariya, ka kuma daidaita shi ya zo tsayin faifai. Mutane suna zaton rage nauyi ƙasa da abin da kamfani ya rubuta tausaya wa faifai ne. Ba haka ba ne. Allurar da ba ta zauna ba tana dukan bangon ramin tana gutsurarsa, kuma ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Ka bi abin da aka rubuta a kwali.

Na huɗu, ramin PHONO. Lokacin yanka faifai ana rage sautin ƙasa a ƙara siriri, bisa tsarin RIAA da aka daidaita a kansa a 1954, kuma ramin PHONO ne ke mayar da shi yadda yake. Idan ka haɗa MM kai tsaye da ramin AUX na sifikar zamani, za ka ji sauti ƙasa-ƙasa, siriri kamar na sauro, ka ce an sayar maka da jabu. Maganinsa ƙaramin amfilifaya na fono. Kada kuma a manta da siririyar wayar nan ta at da ake ɗaurawa a bayan amfilifaya, rashinta ne ke kawo gurnani. Caja da inbata ma a nesanta su.

Na biyar, wuta. Na'urar da aka yi don Amurka bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, za ta ƙone. Ko ka sa mata tiransifoma, idan motarta irin mai bin bugun wuta ce, an yi ta don 60, tamu 50 ce, sai 33 ya koma wajen 28, murya ta yi kauri. Janareto ma bugunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai manhajoji kyauta masu auna juyi: ka ɗora wayar a tsakiyar farantin ba tare da faifai ba, ta faɗa maka gudunsa.

Wanki, sannan a kwafe a waya

Ba a ɗora sabuwar allura a kan faifai mai datti. Ka wanke na roba da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka bi zagayen ramin da ƙyalle mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye, ka jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Gargaɗi na musamman ga masu gyaran waya: sifirit ɗin da muke wanke inji da shi yana narkar da faifan 78, domin da wani irin ƙaro ake yin sa. Kada ya kusance shi. A ajiye faya-fayai a tsaye, ba a jibge ba, nesa da rana.

Ni a ganina duk wannan wahalar manufarta ɗaya ce: ka kunna faifan sau ɗaya ko biyu cikin aminci, ka kwafe shi, ka mayar da shi jakarsa. Kada ka kara makirfon waya a bakin sifika. Ka nemi ƙaramar na'urar sauti ta USB mai ramin fono, kamar Behringer UFO202, ka haɗa ta da kwamfuta ka ɗauka da manhajar Audacity wadda kyauta ce, ko ka haɗa da waya ta OTG idan wayarka ta karɓa. Ka adana a WAV. Idan takardar faifan ta nuna mono ne, ka haɗe hagu da dama wuri ɗaya, ƙara za ta ragu. Ka ɗauki hoton takardar tsakiya da bangon, domin a nan sunan kamfani da lambar faifai suke. Wajen turawa a WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen don ya isa yadda yake.

Masu cewa ai komai yana YouTube

Na san za a faɗi haka, domin abokaina a kasuwa sun faɗa mini. Amsata ita ce ku saurari abin da ke yawo a memori da tashoshin tura waƙa. Yawanci daga kaset aka kwafa, kaset ɗin ma kwafin wani kaset ne, sannan aka matse shi aka tura daga waya zuwa waya. Wata waƙar ba farko, wata ba ƙarshe, wata an sa mata sunan wani mawaƙi daban. Shata ya rasu a 1999, Ɗankwairo a 1991, Ɗan Maraya a 2015. Ba za su dawo su sake rerawa ba. Mu da muka fito daga ƙasar su Ɗankwairo, Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, ya kamata mu fi kowa sanin cewa cikin waɗannan muryoyin akwai sunayen garuruwa, sarakuna, manoma da sana'o'in da wasunsu yau babu su. Faifan da ke ƙarƙashin gadon kakarka zai iya zama kwafi mafi tsabta da ya rage a duk yankinku, kuma ba ka da hanyar sanin haka sai ka kunna shi.

Dattijon nan, AT3600L na sa masa, na canza bel, na auna nauyi, muka wanke faya-fayan da suka rage. Ranar da ya zo karɓa na kunna masa ɗaya. Ya zauna a kan benci bai ce komai ba har gefen ya ƙare, sannan ya ce: "Ɗana, hakanga wana ka kunna shi bayan isha'i." Na kwafe masa duka a memori, na ba jikan kwafi, na riƙe ɗaya da izininsa. Ukun da suka mutu kuwa ba abin da na iya yi musu, na mayar masa da su a jakarsu.

Don haka kafin ka ɗora allura a kan faifan gidanku, ka kai ta wurin mai gyaran waya mafi kusa da kai ya duba maka bakinta a madubi. Minti biyu ne. Idan bakin ya gutsure ko ya shafe, ka haƙura da jin waƙar har sabuwa ta iso. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.